Bayanan wata guda sun ɓace daga fayil ɗin kuɗin makaranta: yadda ake bin tarihin Drive a dawo da su

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ma'ajin wata makarantar Islamiyya. Muna rubuta kuɗin makaranta a fayil ɗin Excel guda ɗaya da ke cikin Google Drive, kuma mu uku ne ke taɓa shi: ni, da shugaban makaranta, da sakatare. Shekaranjiya na buɗe na tarar sunayen waɗanda suka biya a watan jiya babu su. An ce mini Drive yana ajiye tarihin duk canjin da aka yi. Ta ina zan gan shi? Zan iya dawo da abin da ya ɓace, kuma zan iya gane wanda ya goge? Akwai ma wani faifan ajiya da aka taɓa jona wa kwamfutar ofis, ko zai yi amfani?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Gaskiya aka gaya maka, Drive yana ajiye tsofaffin kwafin fayil, kuma tun da abin bai jima da faruwa ba, ina kyautata zaton sunayen nan ba su je ko'ina ba. Sai dai ajiyar tana da wa'adi. Kowace rana da ta wuce, da kowane adanawa da wani ya ƙara yi, suna ƙara matso da tsofaffin kwafin kusa da gogewa. Don haka kafin ka ci gaba da karatu, ɗauki waya ka kira shugaban makaranta da sakatare, ka roƙe su kada kowa ya sake buɗe fayil ɗin har sai ka gama bincike. Wanda ya zo biyan kuɗi yau a yanka masa rasit, a rubuta sunansa a takarda tukuna.

Sannan ka shiga Drive ta burauza a kwamfuta, ba ta manhajar waya ba, domin ta waya ba ta nuna duk abin da muke buƙata. Sauke fayil ɗin yadda yake a yanzu, ka ajiye shi gefe, a kan wannan kwafin za ka yi duk wani tone-tone. Buɗe shi a Excel ka kalli lambobin layuka da ke gefen hagu. Idan ka ga sun yi tsalle, a ce daga 212 sai 287, kuma launinsu ya koma shuɗi, to babu abin da aka goge. Wani ne ya sa filta don ya ga 'yan aji ɗaya ko waɗanda ba su biya ba, ya adana bai cire ba. Ka shiga Data ka danna Clear, layukan za su fito. In sun yi tsalle amma launinsu bai canza ba, ɓoye su aka yi: zaɓi layin da ke sama da giɓin da na ƙasansa, ka danna maɓallin dama na maus, ka zaɓi Unhide. Na sha ganin an kwana cikin tashin hankali, har an fara yi wa juna kallon tuhuma, alhali filta ce kawai. Ka kuma rubuta sunan fayil ɗin a wurin bincike na Drive ka ga guda nawa za su fito, saboda Drive yana yarda fayil biyu su ɗauki suna iri ɗaya a cikin folda ɗaya. Sai ka tarar kai kana rubutu a wannan, sakatare yana rubutu a wancan, kowa yana ganin ɗan'uwansa bai yi aiki ba.

In ka duba duk wannan kuma da gaske babu su, to bari in gaya maka abin da Drive yake yi, domin sauran bayanin a kansa ya rataya. Aikinsa na asali shi ne ya sa fayil ɗin da ke kwamfutar ofis, da na laftof ɗinka, da wanda ke rumbun Google su zama iri ɗaya. Ɗan aike ne mai saurin ƙafa wanda ba ya tambaya: ka ba shi gyara ya kai wa kowa, ka ba shi ɓarna ya kai wa kowa da irin wannan saurin. Shi ya sa hankalina ba ya kwanciya idan na ji an ce ai muna da bakof, komai yana Drive. Ajiyar ko-ta-kwana ta gaskiya ita ce wadda ke riƙe yadda abu yake jiya ko da an lalata na yau. Abin da ya ɗan cike wannan giɓi a Drive da takwarorinsa shi ne, idan sabon kwafi ya iso ba sa jefar da tsohon nan take, sukan tura shi baya su riƙe na wani lokaci. Jerin waɗannan tsofaffin kwafi shi ne tarihin da aka ba ka labari.

Fayilolin da ke Drive iri biyu ne, kuma ba wuri ɗaya ake duba tarihinsu ba. Akwai waɗanda aka ƙirƙira a cikin Google Docs ko Google Sheets, wato kishiyoyin Word da Excel na Google, akwai kuma waɗanda aka kawo daga waje, irin su Excel da Word da PDF da hotuna. Naku yana cikin na biyun. Danna maɓallin dama a kan fayil ɗin, ka shiga File information, sannan Manage versions. Jeri zai fito, sabo a sama, tsoho a ƙasa, kowanne da ranarsa da sunan akawun ɗin da ya ɗora shi. Mai fayil da waɗanda ya ba izinin gyara ne kaɗai ke ganin wannan jeri, don haka in ba ka gan shi ba, izinin kallo kawai aka ba ka, sai ka nemi mai fayil ɗin ku zauna tare. A gefen kowane kwafi akwai ɗigo uku, ƙarƙashinsu za ka ga Download da Keep forever da Delete. Idan kuma a cikinku akwai wanda ya saba buɗe fayil ɗin a burauza ta Google Sheets, to ka leƙa can ma, ta File sannan Version history.

Kada ka fara da saukewa. Fara da Keep forever. Ƙa'idar Google ga irin wannan fayil ita ce, tsohon kwafi yana iya gogewa bayan kwana 30, ko kuma idan sababbi 100 suka taru a kansa. Mutane sun fi riƙe maganar kwana 30, amma ta ɗarin ce ta fi zuwa ba zato. Yi lissafi da makon da ake karɓar kuɗin zango: iyaye na layi, ana shigar da suna ana adanawa, in aka adana sau 20 a rana, kwana 5 sun isa a cika ɗari. Don haka gangara can ƙasan jerin, ka sa wa kwafi mafi tsufa alamar Keep forever, sannan ka hau sama kana sa wa aƙalla guda ɗaya na kowace rana. Ana iya sa wa har kwafi 200 na fayil ɗaya wannan alama, ba za ka ƙure ta ba. Sai ka gama wannan ne za ka iya yin sauran aikin a natse, ko da zai ɗauke ka kwana biyu. Shi kuwa Delete, kada hannunka ya je kusa da shi.

Yanzu sai neman inda ɓarnar ta shiga. Abin da kake nema kwafi biyu ne maƙwabtan juna: na ƙarshe da ke da sunayen, da na farko da ba shi da su. Idan jerin gajere ne, buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Idan kuwa ya kai 60 ko fiye, kada ka ɓata yini da data. Sauke na tsakiya. In sunayen suna ciki, to ɓarnar tana cikin rabin da ya fi sabunta. In babu su, tana cikin rabin da ya fi tsufa, ko kuma ka koma baya har lokacin da ba a riga an shigar da su ba, wanda kwanan watan zai nuna maka. Ka sake ɗaukar na tsakiyar wannan rabin, ka ci gaba da haka. A kwafi 64, buɗewa 6 ta isa ta kai ka bakin wurin. Duk wanda ka sauke ka canza masa suna nan take, ka sa masa ranarsa, ka zuba su a wata folda da ba ta cikin Drive. In ba haka ba, kafin ka ankara za ka tara fayil goma masu suna iri ɗaya, ka rasa wanne ne wanne. Girman fayil ma yana ba da haske: fayil ɗin da kullum ƙaruwa yake, in ka ga ya rame daga wannan kwafi zuwa na gaba, ka duba wurin.

Idan ka samo biyun nan, buɗe su gefe da gefe ka zauna ka karanta su da kyau, domin siffar ɓarnar ita ke faɗa maka abin da ya faru, fiye da sunan da ke rubuce a tarihin.

A ce kwafin da ya lalace ya tsaya cak a ranar ƙarshe ta watan shekaranjiya, babu ko suna ɗaya na watan jiya. Ka nemi wani ɗan gyara da ka tuna an yi a cikin watan jiya a tsohon layi, misali sunan yaron da aka rubuta ba daidai ba aka gyara, ko bashin wani uba da aka soke. Idan ka ga wannan gyaran ma ya koma yadda yake a da, to ba wanda ya goge komai. Tsohon kwafi ne aka ɗora a kan sabo. Yawanci yadda abin ke faruwa shi ne, wani ya ɗauki fayil ɗin a filashi ko ya sauke shi a laftof don ya yi aiki a gida, ya kwana biyu, sannan ya dawo da shi ya zuba a folda, kwamfuta ta tambaye shi ko a maye gurbin wanda ke nan, ya ce e. Shi a ganinsa aiki ya kawo. A cikin irin matsalolin da ake kawo mini, wannan ita ce ta fi yawa, kuma tambayarka da ita ta fi kama, tun da wata guda cur ne ya tafi gaba ɗaya.

Idan kuwa gyare-gyaren duk suna nan, layukan bayan giɓin ma suna nan, wasu layuka ne kawai suka fita daga tsakiya, to gogewa aka yi, da gangan ko bisa kuskure. Akwai kuma ta uku wadda ta fi su haɗari domin ba ta nuna kanta: sunayen suna nan, kuɗaɗen suna nan, amma kuɗin wannan ya koma gaban sunan wancan. Wannan yana faruwa ne idan aka zaɓi layin sunaye na tsaye shi kaɗai aka jera shi daga A zuwa Z, aka bar layin kuɗi a inda yake. Jimilla ba za ta canza ba, shi ya sa ake iya yin makonni ba a lura ba. Tun da ka riga ka buɗe tarihin, ɗauki sunaye biyar ko shida ka gwada su da littafin rasit, ka tabbata wannan ba ta same ku ba.

Wajen dawo da bayanan ne ake yawan neman gira a rasa ido. Mutum ya ga tsohon kwafi da sunayen a ciki, murna ta kama shi, ya ɗora shi a kan na yanzu. Sunayen watan jiya sun dawo, amma duk wanda ya biya daga ranar ɓarnar zuwa yau ya fita. Hanyar da nake bi ita ce, in ɗauki fayil na yanzu a matsayin tushe, in kwafo layukan da suka ɓace daga kwafi mai kyau in zuba su a gurbinsu. In kuma tsohon kwafi ne aka ɗora a kan sabo, sai in juya: mai kyau na ƙarshe ya zama tushe, in ƙara masa abin da aka shigar daga baya, domin shi ne ke ɗauke da ƙananan gyare-gyaren da ba wanda zai tuna su duka. Bayan haɗawa, ka tara jimillar watan ka gwada da rasit da abin da ya shiga banki. Sai sun yi daidai sannan ka koma Manage versions ka danna Upload new version ka ɗora shi. Da haka fayil ɗin yana nan da tarihinsa da izinin da aka ba kowa. Kada ka goge tsohon ka ɗora sabo a matsayin wani fayil daban, domin tarihin zai bi tsohon zuwa kwandon shara.

To, maganar wanda ya goge. A nan ina roƙonka ka taka a hankali, saboda magana ce ta kuɗi, kuma zargi a kan kuɗin makaranta yana iya ɓata sunan mutum har abada a unguwa. Sunan da ke gefen kwafin sunan akawun ne, ba sunan wanda ya zauna a kujera ba. Idan kwamfutar ofis da akawun ɗin sakatare aka shiga Drive, to duk wanda ya taɓa fayil a kanta, kai ne, shugaban ne, ko wani malami da ya shigo buga jarrabawa, sunan sakatare tarihin zai nuna. In kuma duk ku ukun imel ɗaya na makaranta kuke amfani da shi, tarihin ba zai bambance muku kowa ba. Lokacin ma ba a cika dogara da shi ɗari bisa ɗari ba. Laftof ɗin da ya yi aiki babu intanet ranar Alhamis, bai samu sabis ba sai Asabar, canjin ba zai isa rumbun ba sai Asabar ɗin, kuma duk adanawar da aka yi a tsakani ba za ta fito ɗaya-ɗaya ba, ta ƙarshe ce kawai za ta hau. Ga kuma kwamfutocin da ɗan batirin agogonsu ya mutu, waɗanda duk aka ɗauke wuta suka mutu sai kwanan watansu ya rikice. Abin da tarihin zai iya ba ka shi ne: daga wannan akawun, kusan wannan lokaci, wannan canji ya shigo. Ka ɗauki wannan ka je wa abokan aikinka da tambaya, ka ce a ranar kaza waye ya yi aiki a kan fayil, ko akwai wanda ya dawo da shi daga filashi? Sau da yawa mutumin da kansa zai ce ai ni ne, ban san haka za ta faru ba.

Idan ka buɗe Manage versions ka ga kwafi ɗaya tak, to da alama fayil ɗin da ke gabanka sabo ne, ba shi ne na asali ba. Ko dai an yi Save As da wani suna, ko an goge na asalin an ɗora wannan. Duba kwandon shara na wanda ya mallaki fayil ɗin, abin da aka jefa can yana yin kwana 30 kafin ya tafi. In makarantar tana da akawun na Google Workspace, wato tsarin Google na ma'aikatu da makarantu, mai kula da shi yana da ƙarin kwana 25 da zai iya dawo da fayil bayan ya fita daga kwandon. Ka kuma danna alamar bayani da ke saman foldar ka shiga Activity, nan ake jera wa ya ɗora, wa ya matsar, wa ya canza suna, wa ya jefa a shara. Sannan ka nemi fayiloli masu suna kusa da naku amma da ɗan ƙari a ƙarshe. Idan mutum biyu suka gyara fayil ɗaya a lokacin da ɗayansu ba shi da intanet, manhajar ba ta iya haɗa aikin biyun, sai ta ajiye ɗaya a gefe. A cikin takwarorin Drive, Dropbox yana rubuta conflicted copy a cikin sunan, OneDrive yana maƙala sunan kwamfutar. Mutane kan ɗauka tarkace ne su share, alhali aikin mako guda na wani yana ciki.

Faifan da ka ambata yana iya zama alheri babba. Jona shi ka duba ko akwai folda mai suna FileHistory. In akwai, to wanda ya jona shi ya kunna tsarin ajiya na Windows da ya fara zuwa da Windows 8 a 2012. Idan ba a canza masa saiti ba, kowace awa yake kwafe fayilolin da suka canza, kuma ba ya goge tsofaffi. Shiga Control Panel, File History, sannan Restore personal files. Taga za ta buɗe da kibiyar hagu da ta dama a ƙasa, kana danna ta hagu kana komawa baya, kana ganin foldar yadda take a wancan lokacin. Koren maɓallin da ke tsakiya yana mayar da fayil gurbinsa na asali, wato a kan na yanzu, don haka danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Restore to, ka kai shi wani wuri. Kana ma iya shiga foldar kai tsaye, ta sunan mai kwamfuta, sunan kwamfutar, sannan Data. A can kowane kwafi an maƙala masa lokaci a sunansa, kamar 2024_03_11 08_15_42, da haruffan UTC a ƙarshe. Wannan agogon duniya ne, kuma Najeriya da Nijar suna gabansa da awa ɗaya, don haka 08_15 ɗin nan ƙarfe tara da kwata ne a Kano ko Maraɗi. A Ghana kuwa daidai yake da agogon gida. Abu biyu ne za su iya rage amfaninsa: in an daɗe da cire faifan, tarihin ya tsaya tun lokacin, kuma foldoji irin su Documents da Desktop yake kwafewa, don haka in Drive yana fitowa a kwamfutar a matsayin faifai mai harafin G, abin da ke cikinsa bai shiga ajiyar ba. Duk da haka ka duba, ƙila wani ya taɓa ajiye kwafi a Desktop.

Ga masu irin wannan matsala da ba Drive suke amfani da shi ba, tsarin ɗaya ne, wa'adin ne ya bambanta, kuma kamfanonin kan sauya shi, don haka kowa ya leƙa shafin taimako na tsarin da yake kai. Dropbox yana riƙe tarihi na kwana 30 ga na kyauta da na mutum ɗaya, kwana 180 ko shekara guda ga tsare-tsaren kasuwanci. OneDrive na mutum ɗaya yana riƙe kwafi 25 na ƙarshe, kwandon shararsa kwana 30, na ma'aikata da makarantu kuma kwana 93, kuma ana iya ganin tarihin daga cikin Excel ta File, Info, Version History. Time Machine na Mac, wanda ya fito a 2007, yana riƙe na kowace awa na yini guda, na kowace rana na wata guda, sannan na mako-mako har faifai ya cika. Syncthing, wanda wasu ke so saboda yana haɗa na'urori kai tsaye ba tare da rumbun kamfani ba, yana da tarko biyu da ya kamata a sani. Tarihinsa a kashe yake zuwa, sai ka kunna da kanka a kowace folda. Kuma ko ka kunna, canjin da ya zo daga wata na'ura kawai yake ajiye wa tsohon kwafi, a ɓoyayyiyar folda mai suna .stversions. Wato in a laftof ɗinka ka yi ɓarnar, ba a laftof ɗin za ka nemi tsohon ba, sai a ɗaya kwamfutar da ta karɓi canjin. Ajiyar WhatsApp da ke zuwa Drive kuwa ba ta da tarihi sam, kowace sabuwa tana maye gurbin ta baya.

Akwai ranar da tarihin fayil ɗaya ba zai wadatar ba, ranar da ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa ta shiga kwamfuta, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayun 2017. Manhajar Drive ko takwararta da ke kan kwamfutar za ta kwashi kullallun fayilolin ta kai rumbu a matsayin sababbin kwafi. A irin wannan hali, abu na farko shi ne a raba kwamfutar da intanet. Masu biyan Microsoft 365 suna iya mayar da OneDrive ɗinsu gaba ɗaya zuwa wata rana a cikin kwana 30 da suka wuce, Dropbox na biya ma yana da irin wannan mai suna Rewind. Faifan da ke jone a lokacin shi ma yana iya kulluwa, shi ya sa nake son a samu wani faifai ko filashi da ake jonawa a kwafe, a cire, a kulle a durowa.

In Allah ya sa wa'adin ya wuce kuma faifan bai ba da komai ba, kada ka yanke ƙauna. Duba foldar Downloads ta kowace kwamfuta, duba imel ɗin da aka taɓa aika wa kwamitin makaranta, duba takardun da ke cikin WhatsApp na ku ukun, domin da wuya a yi wata guda ba wanda ya tura wa wani fayil ɗin. In duk babu, littafin rasit da saƙonnin banki za su sake gina watan, wahala ce kawai.

Bayan komai ya daidaita, shawarata ita ce ku mayar da fayil ɗin Google Sheets, in dai intanet ɗin ofis ba ya yawan yankewa. Fayil ɗin Excel da mutum uku ke ɗauka suna dawowa da shi zai sake ba ku irin wannan matsala ko ba daɗe ko ba jima. A Sheets kowa a kan abu ɗaya yake rubutu, tarihin yana nuna canjin kowa da launinsa, kuma in ka danna maɓallin dama a kan akwati ɗaya ka zaɓi Show edit history, za ka ga adadin da ke wurin a da, da akawun ɗin da ya canza shi. Amma sai kowa ya shiga da nasa imel ɗin, ya kuma fita in ya tashi daga kwamfutar ofis. A ƙarshen kowane wata, bayan ka daidaita lissafi, shiga Version history ka raɗa wa wannan kwafi suna, kamar rufe lissafin watan kaza. Google yakan haɗe tsofaffin canje-canje marasa suna, mai suna kuwa yana zama a ware, sai dai guda 15 kawai ake iya sa wa suna a fayil ɗin Sheets ɗaya, don haka kowace shekarar karatu a buɗe mata nata. A ranar kuma ka sauke kwafi ka zuba a filashin da ke durowa, ka buɗe shi ka gani da idonka cewa yana buɗuwa.

Wani abu kuma da ya shafi sirrin iyayen yara. Tarihin da zai cece ka yau, duk wanda ka ba izinin gyara yana iya buɗe shi. A ce kwamiti ya nemi ganin fayil ɗin, ka goge layin da ke nuna marayu da waɗanda aka yafe wa kuɗi don kada a san su, sannan ka tura da izinin gyara: duk mai so zai koma baya ya karanta abin da ka goge. Idan za ka ba wani na waje, yi Make a copy bayan ka cire abin da za ka cire, domin sabon kwafi ba ya ɗauko tarihin tsohon, ko kuma ka fitar da shi a PDF ka tura.